Idan Makin JAMB Ya Gaza: Yadda Ake Raba Guraben Jami'a da Hanyoyin da Suka Rage wa Ɗalibi

A duk shekara, idan hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta saki sakamakon wannan jarrabawa da ake kira UTME, gidaje da yawa kan yi tsit. Yaron da ya shekara yana cewa likita zai zama ya tura saƙo zuwa lambar duba sakamako ta 55019, amsa ta dawo masa da maki 178 cikin 400, ya rasa bakin da zai faɗa wa mahaifinsa har sai bayan sallar isha'i. Abin da shi da iyayensa ba su cika lura da shi ba shi ne yawan 'yan'uwansa a wannan hali. A shekarar 2025 ɗalibai kusan miliyan 1.95 ne suka zauna jarrabawar, kuma a sakamakon farko da aka fitar fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Duk da haka jami'o'i sun ɗauki sababbin ɗalibai, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shiga aji ɗaya daga wannan rukunin suka fito. Sun samu shiga ne saboda sun gane yadda ake rabon guraben, ko kuma Allah ya haɗa su da wanda ya gane, suka gyara zaɓinsu tun kafin a rufe ƙofa.

Kafin a yi maganar mafita sai an tantance wane sakamakon ne ya gaza, domin takardu biyu ake bukata, kuma ciwon kowace da maganinsa daban. Ta farko ita ce takardar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS, wadda ake neman kiredit biyar a cikinta a darussan da suka dace da kwas ɗin, har da Turanci. Ta biyu ita ce makin UTME, wanda amfaninsa na shekara ɗaya ne kacal. Ɗalibin da ya ci maki 280 amma ya faɗi Turanci a WAEC ya fi wanda ya ci 170 da cikakken kiredit biyar shiga tsaka mai wuya, domin babu jami'ar da za ta yi masa rajista alhali takardarsa ta sakandare ba ta cika ba, komai yawan makinsa.

Sauƙin abin shi ne takardar sakandare ba ta tsufa, kuma ana iya cike giɓinta. Yawancin kwasa-kwasai suna karɓar sakamakon zama biyu, wato a haɗa WAEC da NECO, ko a haɗa na makaranta da na masu zaman kansu wanda ake rubutawa a ƙarshen shekara. WAEC ma tana da wani zagayen na masu zaman kansu a farkon shekara. Sai dai wasu jami'o'in suna sharɗanta zama ɗaya ga masu neman likitanci da makamantansa, don haka haɗin ba ya yi wa kowa aiki. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa kiredit a Lissafi ya daina zama sharaɗin shiga kwasa-kwasan fannin adabi da harsuna, ya rage wajibi ga kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Wannan ya buɗe ƙofa ga waɗanda Lissafi kaɗai ya daɗe yana tsare su, ko da yake hankali ya fi kwanciya idan ɗalibi ya duba sanarwar jami'ar da yake nema ya ga ita ma ta bi sabon tsarin.

Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata a yi saurin yanke ƙauna a makon farko ba. A watan Agustan 2025 WAEC ta fara sanar da cewa kusan kashi 38 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, sannan bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a wajen maki, adadin ya koma kusan kashi 63. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa a kan tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba, kuma wanda ya zauna jiran a ce an yi kuskure a takardarsa zai iya rasa shekarar gaba ɗaya. Amma sake duba sakamako da shigar da ƙorafi ta shafin hukumar ba abu ne mai wahala ba.

Inda ruɗani ya fi yawa shi ne batun mafi ƙarancin maki, wanda ɗalibai suke kira kot-of. Hawa uku ne, kuma galibin mutane na ƙasa kawai suke ji a rediyo. A taron tsara manufofin ɗaukar ɗalibai na watan Yulin 2025 an amince da maki 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin koyon aikin jinya, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Ma'anar wannan adadi ita ce babu makarantar da aka yarda ta sauka ƙasa da shi. Bai ɗora wa kowace jami'a nauyin ɗaukar wanda ya kai shi ba. Hawa na biyu shi ne makin da kowace jami'a take yanka wa kanta, wanda a manyan jami'o'i kan kai 180 ko 200. Na uku, wanda shi ne mai yanke hukunci, shi ne na sashe, kuma shi ba a yanka shi tun farko: yawan masu nema da yawan kujeru ne suke haifar da shi. Idan sashe yana da kujera 100 kuma mutum 3,000 suka nema, makin mutumin da ya cike kujera ta ƙarshe shi ne kot-of na gaskiya, ko da kuwa an rubuta 180 a sanarwa.

Kujerun kuwa jami'a ba ta ƙara su yadda ta ga dama. Hukumar NUC mai kula da jami'o'i tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta iya ɗauka gwargwadon malamai da azuzuwa da ɗakunan gwaji, majalisar likitoci ta MDCN tana ƙayyade na likitanci, majalisar ilimin lauyoyi tana ƙayyade na shari'a, kuma jami'ar da ta wuce gona da iri tana iya fuskantar dakatarwa. Shi ya sa ake ganin mai maki 270 ya rasa likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero, a daidai lokacin da wasu sassa a cikin waɗannan jami'o'in suke neman waɗanda za su cike musu aji. Ga kuma manufar gwamnati ta ba kimiyya kashi 60 na gurabe a jami'o'in gama-gari, sauran fannoni su raba kashi 40, abin da ya sa cunkoso ya fi tsanani a shari'a da aikin jarida da kimiyyar siyasa da harkar kasuwanci.

A jami'o'in tarayya ana raba kujerun kowane sashe gida uku. Kashi 45 na cancanta ne zalla, ana bin maki daga sama ba tare da duba jiha ba. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 an ware su ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, waɗanda suka haɗa da Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi, har da wasu na kudu irin su Ebonyi da Bayelsa. Wannan tsari yana da masu suka, kuma sukar ba ta rasa hujja, amma muddin yana aiki ya kamata ɗalibi ya san inda yake tsaye a cikinsa. Maki 190 a hannun ɗan Jigawa ba zai yi nauyi ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Ibadan ba, domin a Dutse yana iya shiga takara a rukunan uku duka, kuma abokan takararsa a rukuni na biyu da na uku galibi 'yan yankinsa ne. Jami'o'in jihohi kuwa, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Jami'ar Jihar Kaduna, sun fi fifita 'yan asalin jiha, kuma sukan duba rabon ƙananan hukumomi.

Makin UTME ma ba shi kaɗai ake ɗorawa a sikeli ba. Jami'o'i da dama suna raba shi gida takwas ya koma bisa 50, sannan su cike ragowar 50 ɗin da jarrabawar tantancewa ta jami'a, ko da darajar kiredit na sakandare, ko da duka biyun. A irin wannan lissafi mai maki 240 yana da 30, mai 184 yana da 23. Tazarar maki 56 da ta hana yaro barci ta koma 7, kuma wanda ya dage a jarrabawar tantancewa ko yake da A da B a takardarsa zai iya cike ta. Kowace jami'a da nata ma'aunin, wasu ma ba sa yin jarrabawar sai tantance takardu, saboda haka sanin ma'aunin jami'ar da aka zaɓa ya fi jin ra'ayin abokai a zaure amfani.

Daga nan hanya mafi kusa ta fito fili, wato canjin kwas ko canjin makaranta, wanda JAMB take ba da dama a yi a cibiyoyinta da aka amince da su a kan kuɗi kaɗan. Abubuwa biyu ne suke ɓata wa mutane wannan dama. Na farko jinkiri ne. Yawancin jami'o'in gwamnati waɗanda suka sa su a zaɓi na farko kaɗai suke dubawa, kuma da zarar jami'a ta rufe rajistar tantancewa, canjin da aka yi bayan nan ya zama aikin banza. Iyali kan ɓata wata uku suna jiran wani babban mutum da ya ce zai yi magana, kafin su farga jami'o'in da za su karɓi makin yaron sun riga sun rufe. Na biyu shi ne rashin dacewar darussa. Wanda ya rubuta Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji don neman likitanci zai iya komawa kimiyyar ƙananan halittu ko noma ko kimiyyar abinci, amma ba zai iya komawa injiniyanci ba tunda bai rubuta Lissafi ba. Kundin kwasa-kwasai na JAMB ya fayyace abin da kowane kwas yake bukata, kuma an sha ganin mai maki mai kyau ya rasa gurbi don kawai ya canja zuwa kwas ɗin da darussansa ba su dace da shi ba.

Jami'o'in tarayya da aka kafa a 2011, irin su Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Lafiya da Wukari, da na 2013 a Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa, ba su kai tsofaffin cunkoso ba a yawancin sassa, kuma digirinsu ɗaya yake da na kowa a gaban doka. Haka nan noma da gandun daji da kiwon kifi da Lissafi da Fiziks da harsuna da kwasa-kwasan malanta ba su cika samun masu rububi ba. A nan ne ake yawan ba yara shawarar da ni ban yarda da ita ba, wai ka shiga kowane kwas ne, idan ka gama aji ɗaya sai ka canja. Canjin sashe a cikin jami'a yana yiwuwa, amma yana bukatar sakamako mai ƙarfi da kuma kujerar da babu kowa a kai, kuma sassan da kowa yake hari su ne waɗanda ba su da irin wannan kujerar. Wanda zai karɓi kwas ya karɓe shi da niyyar zai iya kammala shi.

Tun daga 2017 duk ɗaukar ɗalibai ta koma kan manhajar JAMB da ake kira CAPS. Jami'a ce take gabatar da sunan wanda take so, JAMB ta duba ko an bi ƙa'ida ta amince, sannan tayin ya bayyana a shafin ɗalibi, ya danna karɓa ko ƙi. Ɗalibin da ya yi rajista kafin sakamakonsa na sakandare ya fito, kuma bai koma cibiya an ɗora masa shi ba, tamkar ba ya cikin layi ne, kuma wannan ƙaramin sakaci ya jawo wa mutane da yawa asarar shekara. A manhajar ne kuma jami'a kan nemi izinin ɗalibi ta mayar da shi wani kwas idan makinsa bai kai na wanda ya nema ba, kuma idan bai amsa ba maganar ta tsaya nan. Akwai wani sashe da ake kira kasuwa, inda makarantun da ke da sauran gurabe suke neman ɗaliban da ba a ɗauka ba ko da ba su zaɓe su ba. Tayin yana da wa'adi, kuma wanda ya karɓi guda ya fita daga takarar sauran a wannan shekarar. Saboda haka barin lambar sirri a hannun mai shagon intanet ganganci ne, domin dannawa ɗaya daga gare shi ta isa ta ɗaure ɗalibi a makarantar da bai taɓa tunanin zuwa ba.

Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, ba gurbi ba ne a wurin hukuma, ko da an biya kuɗin makaranta an zauna a aji shekara huɗu. Matsalar kan ɓoye har ranar da aka zo tura sunaye bautar ƙasa, a tarar sunan mutum ba ya cikin kundin JAMB. Masu cewa a kawo kuɗi su ƙara maki kuwa, takarda kawai suke iya canjawa, abin da ke cikin rumbun hukumar yana nan yadda yake. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan wata ɗaliba a Jihar Anambra da ta nuna takardar maki 362, bincike ya tabbatar 249 ta samu, aka haramta mata jarrabawar na shekara uku, alhali makinta na gaskiya ya ishe ta shiga kwasa-kwasai da yawa.

Idan duk wannan bai yiwu ba, akwai hanyar da take kewaye UTME baki ɗaya, wato shiga kai tsaye zuwa aji biyu, wadda aka fi sani da DE. Shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi tun shekarun 1970, karatu ne na kusan shekara ɗaya a darussa uku, kuma jami'o'in arewa sun daɗe suna karɓarsa. Takwaransa JUPEB, wanda Jami'ar Legas take jagoranta, ya fi karɓuwa a kudu. Kyawun wannan hanya shi ne wanda ya yi nasara bai yi asarar shekara ba, domin zai tarar da abokansa a aji biyu. Wahalarta kuwa ita ce karatun ya fi na sakandare zurfi nesa ba kusa ba, kujerun DE sun fi na aji ɗaya ƙaranci, kuma likitanci da shari'a suna neman maki kusan na ƙololuwa. Ga kuma cibiyoyin bogi da suke karɓar kuɗi ba tare da rajista ba. Tun da JAMB ta tsananta tantance takardun masu neman DE daga makarantun da suka bayar da su, takardar da ba ta da asali ba ta wucewa. Wuraren da aka sani, irin su makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa da kwalejin share fagen jami'a ta Kano da aka fi sani da CAS, sun fi ba da kwanciyar hankali. A lura kuma cewa karatun share fage na rimediyal daban yake da IJMB: aji ɗaya yake kai mutum, kuma jami'o'i kan bukaci ɗalibin ya sake rubuta UTME tare da shi.

Difloma ta ƙasa da takardar NCE ta kwalejin ilimi su ma suna kai wa ga aji biyu, sai dai tafiyar ta fi tsawo. Difloma shekara biyu ce, NCE uku, sannan a ƙara aƙalla shekara uku a jami'a, kuma sai da sakamako mai kyau ake karɓar mutum. A ganina an raina wannan hanya fiye da kima, musamman ga yaron da gidansu ba za su iya ɗaukar nauyin shekara biyar a jere ba, domin tana ba shi takardar da zai nemi aiki da ita a tsakiyar tafiya. Wanda shekarunsa suka fara ja sai ya yi lissafi, tunda duk wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi maimakon bautar ƙasa.

Jami'ar karatu daga gida ta NOUN ba ta sharɗanta makin UTME, kuma tana da cibiyoyi a faɗin ƙasa, amma ta fi dacewa da wanda zai iya tsare kansa ya yi karatu babu mai tsaya masa a ka. Karatun wucin gadi na yamma ko na ƙarshen mako shi ma yana ba da digiri, sai dai masu shi ba sa zuwa bautar ƙasa. Jami'o'i masu zaman kansu suna karɓar ƙaramin maki, kuɗinsu ne ba kowa ke iya ɗauka ba, kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 ɗaliban makarantun gwamnati ya shafa. Tsallaka iyaka kuwa yana bukatar bincike tun kafin a biya ko sisi. Bayan da wani ɗan jarida ya nuna a ƙarshen 2023 cewa ya samo digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin makonni shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a watan Janairun 2024, daga baya ta bayyana cewa jami'o'i takwas kacal ta amince da su a ƙasashen biyu.

Saura sake zama jarrabawar, wanda ba abin kunya ba ne, amma ba kowa yake amfana da shi ba. Yana da ma'ana ga wanda ya kusa kai makin kwas ɗin da yake so kuma ya san abin da ya kayar da shi, ko rashin sabawa da kwamfuta ne, ko gaza amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, ko wani darasi guda da bai samu malaminsa a sakandare ba. Wanda ya samu 160 sau biyu yana neman likitanci, kuma bai canja komai a yadda yake karatu ba, da wuya zama na uku ya bambanta da na baya. Mafi yawan masu dabara ba sa zaman gida su jira. Sukan shiga IJMB ko difloma, idan an buɗe rajista a farkon shekara su sake yankar fom da lambarsu ta NIN. Sai dai JAMB ba ta yarda mutum ɗaya ya yi rajistar UTME da ta DE daban-daban a shekara guda ba. Abin da ta yarda da shi shi ne a yi ta UTME, idan sakamakon IJMB ko na difloma ya fito da kyau a je a ɗaga ta zuwa DE.